Shagon tabarau a Saudiyya: abin da dokar sa'awada ta sauya a lissafin mai ƙaramin jari

Tun ranar 18 ga Maris 2023, da dokar mayar da rabin ayyukan awon ido da haɗa tabarau hannun 'yan ƙasa ta fara aiki a Saudiyya a ƙarƙashin tsarin sa'awada, wato ware wa 'yan ƙasa guraben aiki, ake jin maganganu iri-iri a kanta tsakanin Hausawan Makka da Jidda da Madina. Wasu na cewa an rufe wa baƙo ƙofar sana'ar baki ɗaya. Wasu na cewa dokar ta manyan kamfanoni ce, babu ruwanta da mai shago ɗaya a Shara Mansur ko Misfala da ke Makka. Wasu kuma na ganin sanya sunan wani ɗan ƙasa a takarda ya wadatar. Zancen ya sake tashi a 2025, lokacin da aka ɗaga kason 'yan ƙasa a aikin haƙori da harhaɗa magunguna da ɗakunan gwaje-gwaje, har mutane suka riƙa cakuɗa waɗancan dokoki da ta tabarau. Magana ta farko kuskure ce, ta biyu tana da ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba, ta uku kuwa hanya ce da kan kai mutum gaban alƙali.

Wane ne wane a cikin shagon

A bakin Bahaushe duk wanda ya duba masa ido likitan ido ne, amma doka ta raba su. Akwai likitan ido na ainihi, wanda Larabawa ke kira ɗabib uyun, shi ne mai yin tiyata da maganin cututtuka irin su yanar ido, kuma wurin aikinsa asibiti ne. Akwai ƙwararren awon gani, akhisa'i basariyyat, wanda ke auna ƙarfin ganin mutum, ya rubuta lambar gilashin da ta dace da shi, ya kuma tura shi asibiti idan ya ga alamar cuta. Sai mai haɗa tabarau, fanni nazzarat, wanda ke auna tazarar idanu, ya yanka gilashi, ya zaunar da shi cikin firam. Na ƙarshe shi ne mai sayarwa da ke tsaye a kanta.

Wannan rabe-rabe shi ne tushen komai, domin a dokar cibiyoyin lafiya masu zaman kansu ta Saudiyya shagon tabarau na magani ba kanti ba ne kamar na agogo ko turare. Yana cikin wuraren da ke taimaka wa aikin lafiya, aji ɗaya da cibiyoyin gashin ƙashi, saboda haka bayan sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, da lasisin baladiyya, wato hukumar gari, sai ya sami izinin Ma'aikatar Lafiya. Ƙwararren awon gani da mai haɗa tabarau kuma ba su da ikon taɓa idon kowa sai Hukumar Ƙwarewar Ayyukan Lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, ta tantance su ta yi musu rajista. Wanda ya yi karatunsa a Jami'ar Al-Nilain ta Khartum, wadda ta daɗe tana yaye masu awon ido, ko a Jami'ar Benin ko ta Bayero a Nijeriya, sai an bi diddigin takardunsa ta hannun kamfanin DataFlow, ya kuma ci jarrabawar hukumar. Gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido, wanda ake kira adasat, shi da ruwan wanke shi suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Abinci da Magunguna a matsayin kayan aikin lafiya.

Dokoki biyu ne ake cakuɗawa

Sa'awada, ko tauɗin kamar yadda takardun gwamnati ke kiranta, tana nufin ware wa 'yan ƙasa wani kaso na guraben aiki a kamfanoni masu zaman kansu. Babban tsarinta shi ne Niɗaƙat, wanda aka fara a 2011, yake kuma jera kamfanoni launi-launi gwargwadon yawan 'yan ƙasar da suka ɗauka. A kan wannan tsari ne ake ɗora dokoki na musamman ga kowace sana'a, kuma shagon tabarau ya faɗa cikin guda biyu.

Ta farko ta fito a 2018, ta shafi aikin sayarwa a nau'o'in shaguna 12. Shagunan tabarau sun shiga a watan Nuwamba na shekarar, tare da na agogo da na kayan lantarki. Da farko an ce duk guraben sayarwa na 'yan ƙasa ne, daga baya aka sassauta zuwa kashi 70 cikin 100. Wannan doka masu tsayuwa a kanta ta nufa, ba ɗakin awo ba.

Ta biyu ita ce wadda Ma'aikatar Ƙwadago ta sanar a tsakiyar 2022 tare da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya, aka ba da wa'adin shiri, sannan ta fara aiki a Maris 2023. Ita ce ta shiga ɗakin awo. Ta ce duk kamfanin da ke da ma'aikata huɗu ko fiye a ayyukan awon gani da haɗa tabarau, dole rabinsu su zama 'yan ƙasa. Kafin a lissafa ɗan ƙasa cikin wannan kaso sai yana da rajistar hukumar ƙwarewa, kuma albashinsa da aka shigar a ta'aminat, wato inshorar ma'aikata, bai gaza riyal 5,500 a wata ba. Wannan ya ɗara riyal 4,000 da ake buƙata kafin a lissafa ɗan ƙasa a matsayin cikakken mutum ɗaya a Niɗaƙat na gama-gari. Kamfanin da ya saɓa yana fuskantar tara da dakatar da hidimomin ma'aikatar, kuma mafi ciwo a cikinsu shi ne sabunta izinin aikin baƙin da ke ƙarƙashinsa, wanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta rataya a kai.

Ke nan ba a hana baƙo sana'ar ba, rabin guraben na nan a buɗe gare shi. Shagon da ƙwararrunsa ba su kai huɗu ba kuma dokar 2023 ba ta hau kansa ba, ko da yake ta 2018 da Niɗaƙat suna nan daram.

Hujjar gwamnati da koken masu shago

Hujjar gwamnati a bayyane take cikin shirin Hangen 2030: a rage rashin aikin yi tsakanin 'yan ƙasa daga kashi 11.6 zuwa kashi 7, adadin da aka kai a ƙarshen 2024. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a ƙasar, miliyan 18.8 daga ciki 'yan ƙasa, kuma kashi 63 na 'yan ƙasar ba su kai shekara 30 ba. Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad da Jami'ar Ƙasim suna yaye masu awon gani maza da mata, alhali shagunan da ya kamata su ɗauke su sun saba da ɗauko ma'aikata daga Masar da Jodan da Sudan da Indiya da Filifin a kan albashin da ɗan ƙasa ba zai karɓa ba. A ganin ma'aikatar, sanya mafi ƙarancin albashi shi ne zai hana a ɗauki mutum da suna kawai a ba shi abin da ba zai riƙe shi a aikin ba.

Masu ƙananan shaguna ba kasafai suke musun wannan manufa ba, abin da suke kuka da shi shi ne yanayin aikin. Shagon tabarau na yin ciniki ne da yamma zuwa dare, ranakun hutu kuma su ne ranakun kasuwa, shi ko matashin da ya gama jami'a ya fi son asibitin gwamnati ko babban kamfani mai lokacin tashi tsayayye da matakan ƙarin girma. Mai shago kan horar da mutum wata shida, sai wani kamfani mai rassa da yawa ya ƙara masa kaɗan ya tafi da shi. Su kuma matasan suna da nasu ƙorafin: sun karanci duba lafiyar ido shekaru, sai su tarar ana auna ƙwazonsu da yawan firam ɗin da aka sayar. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma dokar ba ta warware wannan saɓani ba, iyakarta ta tilasta musu zama inuwa ɗaya.

Ma'aikaci na huɗu

A nan ne gizo ke saƙar ga duk mai son faɗaɗa shagonsa. A ɗauki shago mai ƙwararru uku, mai awo ɗaya da masu haɗawa biyu, dukansu baƙi. Ciniki ya ƙaru, mai shago yana son ƙara mutum. Da zarar sun zama huɗu, biyu ne za su zama 'yan ƙasa, ba ɗaya ba. Saboda haka ko dai ya ɗauki ɗan ƙasa ɗaya ya kuma maye gurbin ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatansa da wani ɗan ƙasar, ko kuma ya riƙe baƙinsa uku ya ɗauki 'yan ƙasa uku, ya tashi daga mutum uku zuwa shida a lokaci guda. Amma shagon da tun farko ɗaya cikin ukunsa ɗan ƙasa ne, mutum ɗaya kawai zai ƙara ya cika sharaɗi. Bambancin shagunan biyu ba jari ba ne, tsarin ɗaukar ma'aikata ne da aka yi tun kafin a iso bakin iyaka. Buɗe reshe na biyu ma yakan kai mutum ga wannan iyaka ba tare da ya shirya ba, tunda sabon reshe yana buƙatar nasa ƙwararrun.

Lissafin kuɗin kuma yana da ban sha'awa. Albashin riyal 5,500 ya kama 66,000 a shekara, kason da mai shago ke zubawa a ta'aminat kan ɗan ƙasa kuma yana kusa da kashi 12, wato kusan riyal 8,000, jimilla wajen 74,000. A matsayin misali kawai, a ce baƙon da ke irin aikin yana karɓar riyal 4,000 a wata, wato 48,000 a shekara. A kansa akwai harajin ma'aikata baƙi, riyal 800 a wata kan kowane baƙon da ya ƙaru a kan adadin 'yan ƙasa a kamfanin, ko 700 kan wanda ke cikin adadin, sai riyal 650 na iƙama, da kashi 2 na ta'aminat. Wannan ya kai wajen 59,000, ba a sa kuɗin ɗauko shi da tikitin hutunsa ba. Tazarar ke nan wajen riyal 15,000 ce a shekara, kuma asusun Hadaf, mai tallafa wa ɗaukar 'yan ƙasa aiki, yana biyan wani kaso na albashin sabon ma'aikaci na ɗan lokaci ga kamfanin da ya cika sharuɗɗa.

Sai dai akwai wani rangwame da ke jan igiyar zuwa ɗaya ɓangaren. Kamfanin da ma'aikatansa har da mai shi ba su wuce tara ba an yafe masa harajin baƙi biyu idan mai kamfanin shi ne ke tsaye a kai kuma yana da rajista a ta'aminat, an kuma yafe na baƙi huɗu idan akwai ƙarin ɗan ƙasa ɗaya da ke aiki cikakken lokaci. Ga irin wannan shago baƙon da ke cikin misalin bai kai riyal 50,000 ba. Manufofi biyu na gwamnati ɗaya ke nan suke ba mai ƙaramin shago shawara mabambanciya: ɗaya na ce masa ya tsaya ƙarami ya more rangwame, ɗaya kuma, wadda ke son kason ƙananan masana'antu a tattalin arziki ya tashi daga kashi 20 zuwa 35, tana ce masa ya girma.

Inda ribar take

A yawancin shaguna awon ido kyauta ne, ko kuma a yafe kuɗinsa ga wanda ya sayi tabarau. Wannan al'ada ta sa ma'aikacin da ya fi kowa albashi ba shi ke shigo da kuɗi kai-tsaye ba, ribar tana cikin firam da gilashi da ƙarin da ake yi wa gilashin, kamar shafin hana ƙyalli ko na sauya launi a rana. Firam kuwa shi ne inda jari kan kwanta. Dole a jera ɗaruruwa kafin mai saye ya zaɓi ɗaya, wanda ya shekara bai fita ba kuma yayinsa ya wuce, sai an karya farashi. Mai shagon da ke duba abin da ya shigo aljihu kullum amma bai san nawa ne firam ɗinsa da suka haura wata goma sha biyu a kan kanta ba, bai san ribarsa ba.

Mallakar injin yankan gilashi ma shawara ce ta lissafi. Wanda ke da shi zai iya miƙa tabarau mai sauƙi cikin awa guda, wanda ba shi da shi sai ya aika ɗakin haɗawa ya jira kwana ɗaya ko biyu. Amma injin yana tafe da mai sarrafa shi, mai sarrafa shi kuma yana cikin waɗanda ake ƙirgawa zuwa huɗu.

Ta fuskar farashi da ƙawa ƙaramin shago ba zai ja da manya ba. Magrabi, wanda asibitin idonsa na Jidda ya faro tun 1955, yana da suna da rassa a manyan cibiyoyin kasuwanci, Eyewa kuma, da ta fara sayarwa ta intanet a 2017 kafin ta buɗe shaguna, ta saba wa matasa da farashi mai sauƙi, ga biya kaɗan-kaɗan ta Tabby da Tamara. Abin da shagon unguwa ke da shi shi ne mutanen da ke dawowa. Yaron da ba ya ganin allo lambarsa na sauyawa yana girma, wanda ya haura shekara 40 kuma rubutun Alƙur'ani da na waya kan fara yi masa dishi-dishi, ya riƙa miƙa hannu nesa kafin ya karanta. Duka biyun za su sake buƙatar awo bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma shagon da ya adana bayanansu ya tuna musu shi ne zai gan su. Adana irin waɗannan bayanai da aika saƙo ta WhatsApp yanzu suna ƙarƙashin dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumba 2023, don haka sai da yardar mai su.

Ga shagon da ke cikin Hausawa akwai ƙarin abu biyu. Awon ido tambaya da amsa ne, wannan ya fi ko wancan, kuma dattijuwar da Larabcinta na cefane ne kawai za ta ba da amsa mafi daidai idan an tambaye ta da Hausa. Na biyu, hawan jinin ido, wato gilakoma, ya fi yawa kuma ya fi saurin farawa a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma yana cin gani a hankali ba tare da ciwo ba. Wanda ya sayi gilashin karatu na tebur a kasuwa zai ga rubutu, amma babu wanda ya leƙa cikin idonsa. Mai awon da ya lura da alama ya tura mutum asibiti a kan lokaci ya yi abin da kasuwar intanet ba ta iyawa, iyalin mutumin kuma ba sa mantawa da shagon. Cinikin alhazai, duk da kujeru 95,000 da Nijeriya ta samu a 2023 da 2024, na 'yan makonni ne, kuma yawanci gyaran karyayyen firam ne ko maye tabarau da ya ɓace a Mina. Ba a gina kuɗin hayar shekara a kansa.

Inshora da haraji

Doka ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu yi wa ma'aikatansu inshorar lafiya, shi ya sa masu katin Bupa ko Tawuniya suke tambaya tun daga bakin ƙofa ko ana karɓa. Shiga wannan tsari yana kawo jama'a, amma a mafi ƙanƙantar inshora kuɗin tabarau bai wuce riyal 400 ba, kamfanin inshora kan nemi ragi, kuma kuɗin ba ya zuwa ranar da aka yi ciniki. Shagon da ke biyan dillali da albashi a ƙarshen wata yana iya cika da masu saye amma asusunsa a bushe.

Harajin kayan masarufi ya fara da kashi 5 a Janairu 2018, ya koma kashi 15 a Yuli 2020, kuma rajista wajibi ce ga wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000, adadin da shago mai ɗan motsi kan wuce. Magunguna da kayan aikin lafiya da aka amince da su ba a ɗora musu harajin, sauran kaya kuwa ana ɗorawa, saboda haka kowane kaya sai an shigar da shi a ajinsa. Tun 4 ga Disamba 2021 fatura, wato rasit, ta hannu ta daina aiki ga mai rajista, daga 2023 kuma ana haɗa na'urorin shaguna da Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan rukuni-rukuni.

Sunan ɗan'uwa a takarda

Hausawan Saudiyya ba matsayi ɗaya suke da shi a gaban waɗannan dokoki ba. Akwai 'yan ƙasa, masu laƙabin Hausawi da makamantansa, waɗanda dokar ta buɗe wa ƙofa: ɗansu ko 'yarsu da ta karanci awon gani ita ce shaguna ke nema a yau. Akwai masu iƙama, har da waɗanda aka haifa a Makka ba su taɓa ganin Kano ba, su kuwa a lissafi baƙi ne, sai dai wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, shi ana ƙirga shi cikin kason sa'awada. Sau da yawa gida ɗaya ya haɗa duka biyun, daga nan ne kuma dabarar da aka ambata a farko ke fitowa: mai takardar ƙasa ya buɗe sijil, mai iƙama ya zuba jari ya riƙe shago.

Wannan shi ne tasattur, wato ɗan ƙasa ya ba baƙo sunansa ko lasisinsa ya yi kasuwancin kansa. Sabuwar dokarsa ta fara aiki a Fabrairu 2021, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, tare da rufe shago da soke rajista da korar baƙon daga ƙasar, wanda ya kai rahoto kuma ana iya ba shi har kashi 30 na tarar. Wa'adin da aka ba masu irin wannan ciniki su gyara matsayinsu ya ƙare tun Fabrairu 2022. Dokar ba ta duba zumunci. Tun da aka wajabta wa shaguna karɓar kuɗi ta kati a 2020, ga fatura ta na'ura, ga biyan albashi ta banki, gano asusun da kuɗin shago ke ƙarewa a ciki ya zama abu mai sauƙi. Ko hukuma ba ta gano ba, mai jarin ba shi da takardar da zai nuna ranar da aka sami saɓani, ko ranar da mai sijil ya rasu magada suka zo rabon gado.

Hanyoyin da doka ta yarda da su ƙunci gare su amma suna nan. Baƙo na iya zama ma'aikaci mai kwantiragi a Ƙiwa, dandalin intanet na Ma'aikatar Ƙwadago, a rubuta albashinsa da duk wani kaso na ciniki da aka yi yarjejeniya a kai, kuɗin shago kuma su tsaya a asusun shago. Mallaka kuwa sai ta hannun Ma'aikatar Zuba Jari, inda sharuɗɗan jarin da aka saba gindaya wa baƙo a harkar sayar da kaya na miliyoyin riyal ne, nesa da ƙarfin mai shago ɗaya.

Abin da mai saye da ma'aikaci za su gani

Mai saye zai ƙara ganin 'yan ƙasa, musamman mata, a ɗakin awo, abin da zai sauƙaƙa wa matan da ba sa son namiji ya matso fuskarsu. Ƙarin kuɗin ma'aikata yakan ɓuya ne a farashin gilashi, ba a kuɗin awo ba, don haka yana da amfani mutum ya karɓi takardar lambarsa ya kwatanta farashi. Baƙon da ke aiki a kamfani mai rassa shi ne gurbinsa ya fi zama cikin haɗari, kuma idan yana da iyali ga riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya ba shi damar sauya wurin aiki bayan shekara guda ba sai da yardar kafili, wato wanda ya ɗauko shi aiki, ba, wanda hakan ke tura irinsu zuwa ƙananan shagunan da ba su kai mutum huɗu ba.

Rangwamen harajin da ƙananan shagunan ke dogaro da shi kuwa na wa'adi ne. Majalisar ministoci ta tsawaita shi da shekara uku a Fabrairu 2024, wato zuwa farkon 2027. Wanda zai sa hannu a hayar shago ta shekara biyar, ko ya karɓi bashin banki ta shirin Kafala, mai tsaya wa ƙananan 'yan kasuwa lamuni, don sayen injin yanka, lissafi biyu ke gabansa: ɗaya da rangwamen, ɗaya kuma da ƙarin riyal 8,400 zuwa 9,600 a shekara kan kowane baƙo da ke shagon.